Fita cin abinci da yara: ina ya dace a je, me kuma za a nema daga gare su?

Yaro ɗan shekara 2 da aka ɗora a kan kujerar manya ƙafarsa na reto, ƙarfe 9 na dare ta gota, rabonsa da abinci tun la'asar, ana jiran gasasshen kifin da sai ya yi minti 40 a kan wuta, ba makawa sai ya yi kuka. Mutanen teburin gefe za su juyo su harari uwarsa, a ransu su ce ba a kwaɓarsa a gida, alhali laifin yana wuyan wanda ya zaɓi wurin da lokacin. A ganina rabin natsuwar yaro a gidan cin abinci tun a gida ake samo ta, lokacin da ake shawarar inda za a je. Kuma da mafi ƙanƙanta a cikin yaran ake auna wurin. In ya dace da shi, sauran ba za su sha wahala ba.

Iyayenmu ba su bar mana ƙa'ida a kan wannan ba, don ba su yi shi ba. A da, magidanci ya kwashi iyalinsa ya kai su cin abinci a waje abin surutu ne a unguwa, sai a ce tukunya ce ba ta ɗoruwa a gidan. Abincin sayarwa na matafiya ne da gwauraye da 'yan kasuwar da rana ta yi musu a rumfa. Mr Bigg's ya buɗe shagonsa na farko a Legas a 1986, Chicken Republic ya biyo baya a 2004, KFC ya shigo ƙasar a 2009, Domino's da Cold Stone kuma a 2012. Zuwa lokacin da aka buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo a Kano a 2014, da Jabi Lake Mall a Abuja a 2015, kai yara cin kaza da askirim ya riga ya shiga tsarin ƙarshen mako da yawon salla. Yanzu yaro ne da kansa zai dawo daga makaranta ya ce an kai wane, shi yaushe za a kai shi.

Kafin in tambayi farashi, abu uku nake fara dubawa a kowane wuri. Minti nawa ne tsakanin zama da isowar abinci? In yaro ya fara rigima, akwai inda za a fita da shi a zagaya, ko ƙofar a bakin kwalta take? Sai banɗaki da wurin wanke hannu. Wurin da banɗakinsa ya yi kaca-kaca, kada ka yi wa kicin ɗinsa kyakkyawan zato.

Gidajen kaza da soyayyen dankali

Nan ne yawancin mutane ke fara kai yara, kuma da dalili. Abincin a dafe yake a bayan gilashi. Ka nuna, ka biya, ka ɗauki tirenka, in babu layi cikin 'yan mintoci an fara ci. Wurin da ma cike yake da hayaniya, ga talabijin ga kiɗa ga sauran yara, don haka muryar naka ba za ta ɗaga wa kowa hankali ba. Babu kofin gilashi, babu mayafin tebur da za a ja. Farashi yana rubuce a sama, ka san abin da za ka biya kafin ka zauna. Ga yaro ɗan shekara 3 zuwa 7, wannan ne wuri mafi sauƙi na koyon zaman tebur a cikin mutane.

Matsalarsa tana cikin farantin. Mai ne da gishiri da sukari, kuma sau da yawa an haɗa farashin abincin da lemon kwalba, ko kana so ko ba ka so. Lemo irin na kola yana ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato ƙaramar kwalba mai santilita 35 ta kai cokalin shayi 8 zuwa 9. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta ce zai fi kyau babban mutum ma kada ya wuce kamar giram 25 a yini. Kwalba ɗaya ta riga ta zarce haka, ga shi ɗan shekara 4 aka miƙa wa. Ka tambaya ko za a musanya maka da ruwa, wurare da dama suna yarda. Wanda bai kai shekara 2 ba kuwa, lemo ba nasa ba ne sam.

Sai yaji. Kaza da dafa-dukan waɗannan wurare don bakin manya aka yi su. Ki ɗanɗana kafin ki ba yaro, ki kuma tambayi wadda ke zubawa wanne ne bai daɗe da fitowa daga kicin ba. Abincin da ya jima a cikin gilashi ya yi ɗumi-ɗumi, bai yi zafi ba bai huce ba, shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka fi so. Haɗin kabeji da bama in ba da sanyinsa ya zo ba, a bar wa manya.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: kek da donat da askirim a daidai idon yaro ake jera su, kuma ba bisa kuskure ba. In ba a gama magana tun a mota ba, a gaban mai karɓar kuɗi za a yi ta, ga layi a bayanka. "Abba, kaza da shinkafa za ka ci, in ka cinye akwai askirim ƙarami guda ɗaya. Ka ji ko?" Ya ce ya ji, shi ke nan an ƙulla. Yara biyu 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa faranti ɗaya ya ishe su, in bai isa ba a ƙaro.

Masu tuwo da masa

Ni dai a nan zuciyata take, musamman ga iyalin da ke da na goye ko mai tatata. Amma sai an bambanta. Akwai rumfar bakin kasuwa ko tasha, mai benci da labulen buhu, inda maza ke cika da azahar. Abincinta kan fi na ko'ina daɗi, sai dai ba wurin zaman uwa da yara ba ne: ga matsi, ga ƙuda, ga tukunya a kan wuta dab da hanya. Nan saye ake yi a tafi. Akwai kuma gidajen abincin gargajiya na zamani da suka yawaita a Kano da Kaduna da Abuja, masu tayil da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Wasunsu, da wasu masu dafa shinkafar Larabawa, suna da ɓangaren iyali inda ake zama a kan kafet a ja labule. In ka sami irin wannan kusa da kai, ka riƙe shi.

Zaman ƙasa yana kawar da matsaloli da yawa a lokaci guda. Babu kujerar da za a faɗo daga kai. Jariri a shimfiɗa masa zani a kwantar da shi a gefe. Uwa ta shayar a bayan labule ba tare da ta takura ba. Mai rarrafe ya ɗan motsa bai shiga ƙafar kowa ba. Abincin kuma yaro ya san shi: tuwon shinkafa da miyar taushe ko kuɓewa, masa, sinasir, alkubus, duk masu laushi ne, da hannu ake ci, ba a fama da cokali mai yatsu. Ba za ka biya kuɗin abin da zai ɗanɗana ya tofar ba. Kuma da yake a tire ɗaya za a iya haɗuwa, ladabin da aka koya masa a gida shi zai yi amfani da shi, ba sabon darasi ba ne.

Abin lura a nan shi ne zafi da ruwa. Malmalar tuwo takan huce a waje cikinta na tururi, kuma yaro tsakiya yake cusa hannu. A gutsura masa a gefe ya sha iska. Farfesu da shayi kada su zauna a inda hannun na cinya zai kai. Ki ce a zuba miyar yara daban, kada a barbaɗa yaji, kada a sa naman da ke da ƙananan ƙasusuwa. In kwano ɗaya ake zagayawa da shi na wanke hannu, ki nemi buta da sabulu a zuba musu.

Ruwan sha kuwa ba abin wasa ba ne. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ƙaramin yaro ya fi babba saurin galabaita in ruwan jikinsa ya ƙare. Ku tafi da gorar ruwanku, ko ku sayi na roba da murfinsa a rufe da lambar NAFDAC. Ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, kada ta shiga kofin yaro. Zoɓo da kunun aya sai a wurin da ka yarda da tsaftarsa, kunun aya ma ba ya jure zafi, in ya fara tsami ko kumfa a mayar. Lokacin zuwa kuma shi ne sa'ad da aka sauke tukunya. Ƙa'idar masana ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba ba a firji ba, don haka ragowar rana da aka ɗumama da yamma ba ta yara ba ce.

Manyan gidajen abinci da otal-otal

Na 'yan Labanan, na Indiyawa, na 'yan Sin, da ɗakunan cin abinci na manyan otal. A nan sai ka zauna an kawo takardar jerin abinci, ka zaɓa, sannan a ɗora. Rabin awa ba komai ba ce, wani lokaci a fi haka. Teburin cike yake da kofunan gilashi da wuƙaƙe da mayafin da ja ɗaya zai kwaso komai ƙasa. Mutanen da ke wurin kuma ba abinci kaɗai suka saya ba, har da shirun: wani maganar kwangila yake yi, wani amaryarsa ya kawo. Suna da haƙƙi a kanka.

Ga kuma lissafi. Farashin da ke rubuce sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Harajin VAT ya koma 7.5% tun watan Fabrairun 2020, wurare da yawa suna ƙara kuɗin hidima, wasu jihohi kuma suna da nasu harajin, kamar Legas da ke karɓar 5% tun 2009. A ce kun ci na naira 40,000 a wurin da ke cajin hidima 10%: VAT 3,000, hidima 4,000, ka tashi a 47,000 kafin harajin jiha. In rabin abincin yara suka jagwalgwala suka bari, ka ga inda kuɗin ya tafi. A gidajen abincin baƙi, musamman a Abuja da Legas, kada ka ji nauyin tambaya ko ana dafa alade a kicin ɗin, ko ana sa giya a miya.

Shawarata, a bar irin wannan wuri sai yaro ya kai shekara 7 ko 8. In dole ce ta kama, kamar walimar dangi, to a buga waya tun daga gida a tambaya ko suna da kujerar yara mai tsawo, a ba da odar abincin kafin a taso, a nemi teburin lungu ko na kusa da ƙofa. A kuma ba yaro ɗan abin taɓawa kafin a fito. Mai yunwa ba ya jin rarrashi.

Tsarin zuba-da-kanka da otal-otal ke yi, musamman na buɗa-baki da azumi, ya kawar da jira, amma kowane kai ake biya wa. Ka tambayi daga shekara nawa suke fara cajin yaro, kuma cikakke ne ko rabi. Kada a bar yaro ya zuba da kansa. Idonsa ya fi cikinsa girma, zai tula abin da mutum uku ba za su cinye ba.

Mai nama, mai kifi, da lambunan dare

Nan ba sai an ja magana ba. Tukuba garwashi ce da hayaƙi a bakin titi, babura na giftawa. Tsire na da tsinke mai tsini, yajinsa da ƙuli-ƙuli ake haɗawa, wanda ke da haɗari ga yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Kifi ga ƙaya. Likitocin yara suna gargaɗi a kan ba 'yan ƙasa da shekara 4 gutsuren nama mai tauri da gyaɗa ɗaiɗaya da inabi guda, saboda shaƙewa. A saya a ƙunshe a kai gida, a yayyanka musu ƙanana. Lambunan shaƙatawa na Abuja da makamantansu da yamma lafiya lau suke, amma bayan isha'i wasu kan rikiɗe: kiɗa, shisha, giya. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana busa hayaƙi a gidajen cin abinci, sai dai ba ko'ina ake bin ta ba. Hancinka zai gaya maka tun daga ƙofa.

Wurare masu lilo kuwa, sau biyu za ka biya, na wasa da na ci, kuma abincin ba kasafai yake kai kuɗinsa ba. Amfaninsu shi ne yaro ya yi wasa lokacin da ake haɗa abinci, ya wanke hannu, ya ci, a tafi. In aka fara da ci, loma biyu zai yi idonsa na kan lilo. Ka taɓa ƙarfen sulu da hannunka in lokacin zafi ne, ka duba ko an ware ƙanana da manya. Yaron da aka sa tsaron wurin tikiti yake karɓa, ba raino aka ɗauke shi ba.

Abin da za a nema daga yaro

Ƙa'idar ba ta da tsawo, kuma tsohuwa ce. Umar ɗan Abu Salama ya ba da labarin yana yaro a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hannunsa na yawo a cikin akushi, sai ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Umarni uku gajeru, ba tsawa, ba kunyatarwa. An kuma ruwaito cewa bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Yaron da ya riƙe waɗannan a tiren gida, ba inda zai ba ka kunya.

Wanda bai kai shekara 3 ba, ba a neman komai a wurinsa. Duk aikin na iyaye ne. Daga 3 zuwa 6 ana iya neman ya zauna a wurinsa har a gama, ya rage murya, kada ya je teburin wasu, kada ya zuba wa bakin mai ci ido. Wannan na ƙarshen mun fi kowa ƙinsa, kuma maganinsa a zaunar da yaro yana fuskantar iyayensa, ba teburin maƙwabta ba. Guje-guje kuwa ba maganar ladabi kaɗai ba ce. Ma'aikaci na tafe da kwanon farfesu a tire, ba ya ganin abin da bai kai ƙugunsa ba.

Daga shekara 7, a bar shi ya gaisa, ya faɗi abin da yake so da bakinsa, ya yi godiya. A nan ne ake gane gidan da yaro ya fito. Za ka ga ɗan shekara 6 ya buga tebur ya ce wa ma'aikacin da ya isa ya haife shi, "Kai, zo nan!" uban na dariya, don a bakinsa yaron ya ji. A wani teburin kuma uwa ta sunkuya ta ce, "Ummi, ce wa yayanku sannu da aiki, ki ce don Allah ya ƙaro mana ruwa." Ma'aikacin zai kawo ruwan a duka teburan biyu, amma ka dubi fuskarsa.

Tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A zo da yarinya mai raino, a bar ta tsaye da jariri a kafaɗa tana jijjigawa, iyali na cin kaza, in an gama a tura mata ragowa ko a ce ta ci a gida. Yaran suna kallo. In kuɗin bai kai a saya mata nata farantin ba, to bai kai a fita ba.

In kuka ya ɓarke, a fita da yaro. Ba a zama ana "yi shiru, yi shiru" minti 10 mutane na haƙuri, ba a kuma dukansa a gaban jama'a, don kukan ninkuwa zai yi. Uba ya ɗauka ya zagaya, uwa ta ci, sannan a yi canji. Wani lokaci wata dattijuwa za ta ce, "'Yar nan, kawo shi in riƙe miki ki ci abincinki," ko ta ce a cire masa hula zafi yake ji. Ɗa na kowa ne, a karɓa da godiya, ko da ba za a miƙa shi ba. Canza famfas a kan tebur ko kujerar cin abinci babu kyau ko kaɗan. In banɗakin ba shi da wuri, a koma mota. In an zubar da shinkafa, a tattara abin da ya sawwaƙa, a ba mai shara wani abu. In an fasa kofi, a faɗa kafin a gani, a tambayi kuɗinsa.

Waya fa? Na san tana aiki, shi ya sa kowa ke miƙawa. Amma yaron da ke kallon katun ana cusa masa loma bai san ya ci ba, bai san ya ƙoshi ba, bai kuma koyi zama da mutane ba, wanda shi ne amfanin fitar. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da su kallon allo, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a yini. Takarda da fensirin kala a jaka suna cinye lokacin jira. In ta kama dole sai wayar, a kashe sautin, a karɓe in abinci ya iso.

Lokaci, da zaɓin da ake mantawa

Tsakanin la'asar da magariba ya fi: yara sun yi barcin rana, wurin bai cika ba, za a dawo gida kafin lokacin kwanciya. Ka tambaya ko akwai wurin salla, don kada magariba ta riske ku a rasa yadda za a yi. Daren Asabar da yammacin Lahadi cunkoso ne. Ranakun salla kuwa, musamman wajen titin gidan Zoo a Kano, sai wanda ya gani: layi har waje, abinci na ƙarewa, ma'aikata sun gaji, yara na ɓacewa a cikin taro. Wanda zai iya, ya ɗaga fitar zuwa bayan an gama hawa. Wanda yara suka matsa wa, ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa a aljihun kowane yaro, ya kuma raba wa manya wanda kowa zai riƙe.

In kuma akwai jariri ɗan wata 3, ko yaro na mura, ko kuɗin bai kai na kowa ba, a sayo a kawo gida, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. An huta da kuɗin adaidaita sahu na mutum shida da kuɗin hidima da lemon dole. Sai dai a zaɓi abin da ke jure hanya. Soyayyen dankali in ya yi minti 20 a rufe a roba laushi yake yi, askirim ba ya kai gida a watan Afrilu, shawarma takan jiƙe. Gasasshiyar kaza, balangu, masa da miyarta a ƙulle daban, gurasa, dafa-duka, waɗannan suna isowa yadda aka zuba su.